Maidaji da Mazaunin Makewayin Shiling

Da an sallame sallar Asuba, Maidaji kafinta yakan rataya jakar kayan aikinsa ya fito bakin titin Huanshi Lu, a nan ƙasar Sinawa, ya jira motar 'yan kasuwa masu zuwa Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna. Ba ya karyawa sai ya isa. Aikinsa haɗa akwatunan katako na kayan da za a loda a kwantena, kuma shekara tara ke nan yana yi. Kafin ya sa zarto a falanki sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne, kamar mai jiran a amsa masa sallama. Wani ya ajiye shi dama, wani ya jefa shi hagu. Ni da nake ɗinkin buhu a gefensa na sha gwadawa, duk ƙararsu ɗaya ce a kunnena.

Yanzu ga shi yana haɗa nasa akwatin, zai koma Gwammaja a ƙarshen watan nan. Ba wanda ya taɓa rubuta sunansa a ko'ina sai a jikin katako da alli. Shi ya sa na ɗauki biro. Masu kaya za su ba da shaidar akwatunansa da suka isa Maraɗi da Kano ko ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ba. Abin da ni zan ba da labari kuwa mutane ba sa son ambatonsa a taro, don aikin makewayi ne.

Da damina ne, shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar nan. A watannin nan ana yawan tare baƙi a duba fasfo, kuma ba a cika ƙara wa mutum kwanaki ba idan bizarsa ta ƙare. A daidai lokacin Alhaji Tankari, wani dattijon ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya zame daga bayan mota yana duba kayansa, ya karye a gwiwa. Aka ɗaure masa ƙafar dama da filasta tun daga cinya har idon sawu, ta miƙe samɓal. Masaukinsa hawa na biyar ne, don haka aka kwantar da shi a wani ɗakin katako da ke bayan siton da muke aiki. Mai jinyarsa surukinsa ne, Abdoulaziz, mijin 'yarsa.

Likita ya ce a dawo da shi ranar Alhamis. In ya ga da ƙarfi a jikinsa zai ba shi takardar hawa jirgi, in bai gani ba, babu. Bizar Alhaji kuwa ranar Lahadi za ta ƙare.

Sai Alhaji ya daina cin abinci.

Kwana shida kwano yana shiga yana fitowa yadda ya shiga. Ruwa ma sai dai ya jiƙa leɓe. Idanunsa suka faɗa, muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Fasuma, mai tuwon da ke aiko mana da abinci daga gari, ta biyo motar da kanta ranar Litinin, ta tsaya a bakin sito da kula a hannu.

"Abdoulaziz, faɗa min gaskiya. Miyar ce ba ta yi masa ba?"

"Wallahi, Hajiya, ko buɗewa ba ya yi."

"Kuka ce fa ta Maraɗi, da hannuna na ɗauko ta a wajen 'yan Nijar. Ko an gaya masa a tukunyar Sinawa nake dafawa?"

Abdoulaziz ya sunkuyar da kai. Wasu suka ce maganin asibiti ne ya kashe masa baki. Wani ya ce iskokin kududdufin kifin da ke bayan ɗakin ne, ni ma a lokacin na fi karkata can, don ruwan kore ne kuma ba ya motsi.

Maidaji bai sa baki ba. Da azahar ya ɗauki buta ya zaga makewayin, wata 'yar rumfar katako a kan rami, mai bakin tsuguno. Ya daɗe bai fito ba. A ƙasa ya ga falanki ɗaya ya burma, ramin daidai kan sandar guragu. A jikin bango ya ga farin zane, dogo, daga sama ya gangaro ƙasa. Ya shafa da yatsa, garin filasta ne. Da ya fito sai ya ja Abdoulaziz bayan kwantena.

"Yaushe ya faɗi?"

Abdoulaziz ya waiga wajen ɗakin Alhaji.

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Kai ka ɗago shi?"

"Ni kaɗai ke kusa, Malam. Na rufe ido, wallahi na rufe. Tun ranar bai kalle ni ba." Ya share fuska da hularsa. "Na sayo masa fo na roba na ajiye a ɗaki. Ya ce in fitar."

"To wa zai zubar? Ba kai ba?"

Nan ne ciwon yake. Dattijo ya gwammace ya bushe a kan gado da mijin 'yarsa ya sake ganinsa a halin nan. Ya lissafa cewa in bai ci ba, ba zai buƙaci zagawa ba. Saura kwana uku a koma wajen likita.

Kai ne, Maidaji, ka karanta bango ka gane abin da mu masu baki muka kasa tambaya.

Abu na farko da yake buƙata shi ne awo, kuma ba a zuwa wa dattijo da tef a ce za a gwada mazauninsa. Sai ya shiga gaisuwa. Ya durƙusa a gefen gado yana ta "ya ƙarfin jiki, ya haƙuri", hannunsa kuma yana jingine da ƙafar gadon. Ya riga ya ga Alhaji yana iya tashi daga wannan gado shi kaɗai in ya dafa sanda. Kamu ɗaya da yatsu huɗu. Ya riƙe a kai ya fito.

Talata da safe ya shiga kasuwar kayan gini ta Huadu. Daga baya da yake ba ni labari sai da na sa ya maimaita min sau biyu, don ban san duniya ta yi nisa haka a wannan fanni ba. Wai akwai mai ɗumama mazauni, akwai wanda murfinsa ke sauka a hankali shi kaɗai kamar mai ladabi. Maidaji bai tsaya kallo ba. Na tangaran mai tanki ya fara cirewa: yana son famfo, kuma nauyinsa kaɗai ya isa ya kai falankin ƙasa. Ya zauna a kan na roba mai kama da bokiti a kife, ya miƙe ƙafar dama samɓal, ya yunƙura, abin ya goce. Ya zauna a kan na ƙarfe mai naɗewa, ya yunƙura, ƙafafunsa suka buɗe. Matar mai shagon ta kira maƙwabciyarta suna kallon baƙin mutum yana hawa masai ɗaya bayan ɗaya da ƙafa a miƙe.

Ya nuna mata tsayin da yake so da hannunsa.

"Meyo," in ji ta, wato babu.

Ya nuna faɗi, ya kwatanta mai riƙe buta, yana son wurin da hannu zai shiga ta gaba.

"Meyo, meyo."

Sai ya sayi zoben mazaunin kawai da murfinsa, mai kauri, dogo ta gaba. Gindin da za a ɗora shi a kai ya yanke shawarar da hannunsa zai yi.

A hanyar dawowa aka tsayar da motarsu ana duba takardu. Nasa lafiya suke, amma layi dogo ne, ga zoben masai a rataye a kafaɗarsa. Sai bayan la'asar ya iso. Ya tarar Alhaji ya yi sallar a kwance, da ishara.

Bai huta ba. Ya ware wani katakon da aka kawo injin ɗinki a kansa, mai nauyi, ja, ya yanka ƙafafu huɗu. Ya yanke gindin shuɗiyar durom ta roba ya zura ta ciki, don ruwan tsarki ya sauka kai tsaye kada ya ci katako ko ya fantso wa tufafi. Ya ɗaga ruɓaɓɓun falankan ƙasa ya sa sababbi. Da ya kai akwatin mazaunin da ya haɗa cikin rumfar ya zauna don gwadawa, sai ya ga inda aikin ya tsaya.

Rumfar doguwa ce daga gabas zuwa yamma, siririya daga kudu zuwa arewa. Mai miƙaƙƙiyar ƙafa ba inda zai fuskanta sai ƙofa, ƙofar kuwa yamma take kallo. A ƙasar nan, abin da har yau yake ba ni mamaki, inda rana ke faɗuwa nan ne alƙibla. Masu tsuguno sukan karkace su ba ta gefe, amma wanda aka kafa wa kujera ba shi da wannan dama. Maidaji ya san Alhaji, mutumin da ke yawo da 'yar na'urar duba alƙibla a aljihu. Zai leƙa sau ɗaya ya koma gadonsa.

In aka juya akwatin kudu, ƙafa za ta daki bango. Sai dai a matsar da bangon.

Laraba da safe ya sami mai siton, wani Basine mai yawan shan taba. Laoban, haka ake kiran maigida a nan, ya kaɗa hannu tun kafin a gama yi masa bayani. Masu duba gine-gine suna yawo, ba ya son sabon gini, ba ya son ƙarar guduma. Maidaji ya kama hannun rigarsa ya kai shi tagar ɗakin katakon. Laoban ya leƙa, ya ga abin da ya rage na Alhaji a ƙarƙashin bargo. Ya taka tabarsa, ya ɗaga yatsu biyu: awa biyu, kuma shi bai gani ba.

Ba guduma. Da sukurdireba ya kwance bangon kudu, ya matsar da shi kamu biyu, ya ɗaure da sukurori, tafin hannunsa ya saluɓe. Ya kafa sandar dafawa. Ya ɗora buhu uku na ƙarafan jaka a kan mazaunin, ya hau samansu ya girgiza. Ko ƙis.

Saura mai wuyar. Ya aiki Abdoulaziz cikin gari, wai ya je ya tabbatar da tikiti. Ya ce da Fasuma ta ajiye kularta ta koma cikin sito. Sannan ya wanke hannu ya yi sallama a ɗakin.

"Alhaji, wata fatawa ta kawo ni."

"Mi ya faru?" Da ƙyar muryar ta fito.

"Gwiwata ce ta fara tsufa, tsuguno yana ba ni wuya. Na ɗan yi wa kaina gyara a bayan gida. To ni jahili ne, ina tsoron ko na ba alƙibla gaba. Kai ne babba a wurin nan. In ka duba ka ce bai yi ba, yanzu na ɓalle shi."

Alhaji ya dube shi, ya dubi gwiwar da ya gani tana hawa kan kwantena kamar ta biri.

"Ku Kanawa, komi sai kun sa mutum aiki. Ina yaron nan?"

"Ya tafi gari. Sai yamma."

"Miƙo min sandar."

Maidaji ya miƙa, bai taɓa shi ba. Ya bar cikakkiyar buta a ciki tun da farko. Ya koma bayan kwantena inda ba a ganinsa, ni ma ina nan da allura a hannu. Muna jin sandar tana sauka a ƙasa, ta tsaya, ta sake sauka. Taku ashirin ne tsakani, ya ɗauke shi kusan minti biyar. Ƙofa ta buɗe. Shiru. Wannan shirun na duba na'ura ne. Sai muka ji an ja sakata.

Maidaji ya tsuguna, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Idan falanki ya yi ƙara, ko aka ji faɗuwa, to ba sauran dabara, kuma gobe Alhamis. Ban taɓa ganin gumi yana ɗiga daga haɓar mutum haka ba.

Aka zare sakata. Sandar ta fara dawowa.

"Kafinta."

"Na'am, Alhaji."

"Alƙiblarka ta yi. Amma wane malami ya koya maka ajiye buta a hagu? Da wane hannu za a zuba?"

"Kuskure ne, Alhaji. Yanzu zan mayar da katakon ajiye butar dama."

"Ka mayar." Ya ɗan numfasa, ya jingina da ƙofar ɗakinsa. "Wannan kular da ke kan benci, ta wa ce?"

Rabin malmala ya ci a zaman farko, ya sha kunu da yamma, washegari ya nemi ƙari kafin a tafi asibiti. Likita ya yi ta jujjuya shi, ya yi gunaguni a kan ramarsa, ya sa hannu. Ranar Asabar jirginsu ya tashi. Wanda ya raka su ya ce a filin jirgi ya ji Alhaji yana yi wa Abdoulaziz faɗa a kan ɗaurin jaka, yana kallonsa ido cikin ido.

Maidaji bai karɓi ko sisi ba, kuma bai taɓa ba da labarin a majalisa ba. Sai da Alhaji da kansa ya aiko min da izini ta waya, ya ce in rubuta, kada in rage komai.

Kai ne, na Gwammaja, mai rufa asirin manya. Ka yi ƙarya ɗaya a kan gwiwarka, ina roƙon Allah ya rubuta maka ita a cikin kyawawa. Mun gode. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa hannun nan ya huta.

Ku kuma da kuke jinyar iyaye da surukai, a nan ko a gida, in kun ga dattijo ya ture kwano, kada ku tsaya canza miya. Ku zaga bayan gida ku duba, ku gyara abin da kuka gani, kada ku sa shi ya faɗa da bakinsa.