Daren da Inna Ta Yi wa Tabarmi Tatsuniya

In aka tambaye ni inda na samo taurin kan da nake rubutu da shi, ba na ambaton makaranta. Tsakar gidanmu nake tunawa, a wani ƙauye cikin ƙasar Zango, lokacin da aka gama cirar gyaɗa kuma sanyi ya fara shigowa. Da an idar da sallar isha'i, kakarmu Inna Dije, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarmi, ta zube gyaɗa a tsakiya. Mu jikoki mu kewaye ta muna ɓara, muna jefa ɓawon cikin wuta yana ƙara.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, goro ya rina mata sauran haƙoran da suka rage. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana Hajara ba, sai dai Uwata. Dokarta ɗaya ce: duk wanda hannunsa ya tsaya da ɓara, ita ma bakinta ya tsaya. Kuma ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin garin suke yi. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata!" Daga nan sai mu bar Zango. Mu shiga garuruwan da kifi yake sarauta, mu bi matan da suke kaɗa zare da hasken wata.

Haka muke har shekarar da Baffa Sale, ƙanen babanmu, ya gama kwalejin horon malamai aka turo shi firamaren garinmu. Ba mugu ba ne, kuma yana son mu. Ya tara mu wata rana ya ba mu karatu, aka rasa wanda zai haɗa jimla ɗaya. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Da yamma ya je ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, ba raini ba ne," in ji shi. "Amma yaran nan kansu ya cika da aljanu da dabbobi masu magana. Ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Don Allah a bar musu daren nan su yi karatu, a daina cika su da ƙarya."

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa. "To, Malam. Kai a ina ka zauna kana ƙarami? Ba a nan ba ne, majina tana zuba, kana riƙe mini zane kana cewa in ƙara? Ban ga ta hana ka zama malam ba."

"Zamani ya canja, Inna."

"Ya canja abinsa. Ni ban canja ba."

Babanmu ya goyi bayan ƙanensa. Aka yanke cewa daga ranar, bayan isha'i zaure za mu tafi, ga fitilar ƙwai, ga Baffa da baƙin allo. Babu wanda ya isa ya hana Inna magana a gidan da ta haifi masu shi. Mu aka ɗauke mata.

A daren farko muna zaure, ana ta maimaita haruffa, sai muka ji ƙamshin hayaƙin kara. Na leƙa ta ƙofar da ke shiga gida. Inna ta hura wutarta. Ta shimfiɗa tabarmin nan duka, kowace a inda take zama, babu kowa a kai. Ta zauna, ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba.

"Ga baƙuwa a bakin ƙofa!"

Tsit. Ƙanena ya buɗe baki zai amsa, Baffa ya harare shi. Inna ta jira kaɗan, sannan ta amsa wa kanta, "A shimfiɗa mata." Ta fara ba tabarmi labari.

Ta ce an yi wata mata mai suna Tabawa, mai sayar da daddawa. Wata rana ta je daji neman itace, ruwa ya tsare ta, ta fake cikin kogon wata tsohuwar kuka. Da idonta ya saba da duhu sai ta ga hanya. Ta bi, ta bi, har ta ɓulla wani gari. A kasuwar garin ba a sayar da hatsi ko gishiri. Ruwan sama ake aunawa a ƙwarya, akwai na shuka, akwai na yabanya, akwai yayyafi na masu ƙaramin ƙarfi. Mutanen garin suka ba ta masauki, suka rako ta har bakin kogo.

Da ta koma gida ta faɗi abin da ta gani. Aka yi mata dariya. Aka je kukar aka leƙa, ba a ga komai ba sai jemagu. Amma Tabawa ba ta daina faɗi ba, a bakin rijiya, a gidan suna, a gaban duk wanda ya zo sayen daddawa. Abin ya ishi dattawan gari, suka kira ta suka ce ta tsaya a dandali ta ce ƙarya ta yi, magana ta wuce. Ta ce ba za ta ce ba. Suka ce to daga yau kada wanda ya ƙara ba ta garwashi. A zamanin nan babu ashana, in wutarka ta mutu gidan maƙwabci kake zuwa ɗiba. Tabawa ta zaga gida-gida da kaskonta, kowa ya juya mata baya. Ta kwana da ɗanyen gari a ciki. Aka aiko mata cewa kalma ɗaya ce tsakaninta da wuta. Ta ce a gaishe su.

A nan na kasa daurewa. Ban fi shekara tara ba, amma na ajiye fensir na miƙe.

"Hajara, zauna," in ji Baffa.

Ban zauna ba. Na ratsa tsakar gida, na je na zauna a tabarmata. Inna ba ta ko dube ni ba. Ta tura mini gyaɗa da ƙafa, ta ci gaba.

Ta ce Tabawa ta shiga daji ta yi ta buga duwatsu, har hannuwanta suka fashe, kafin ta dace da wanda yake ba da tartsatsi. Ta kunna wutarta da kanta. Tun daga ranar ba ta ƙara roƙon kowa ba. Kullum da dare sai ta zauna gaban wutar tana ba da labarin garin da ke cikin kuka, wanda ya ga dama ya zo, wanda bai ga dama ba ya kwanta. Haka ta yi har ta tsufa ta mutu.

"Baƙuwa ta ɗau takalminta," in ji Inna, yadda take rufewa kullum.

Na ce, "Inna, shi ke nan? Ba a yi fari ba, suka zo suna roƙonta ta kai su?"

"Ba a yi ba."

"To akwai garin da gaske?"

"Uwata, na je ne? Ni dai na gaya miki ba ta janye ba."

Washegari na sha bulala a makaranta, a gaban 'yan ajinmu, don na tashi malam yana magana. Da dare na sake tashi. Da Baffa ya ga duka ba ya yi, sai ya ce duk wanda ya karanta shafinsa babu kuskure yana iya tafiya. Ya ɗauka zai riƙe ni da haka. Ni kuwa na kama karatu kamar mai jin yunwa, ina yi a bakin murhu, ina yi a hanyar rijiya, don kawai in riski Inna kafin baƙuwa ta shigo. Kafin damina ta zagayo na fi duk yaran gidan iya karatu. Baffa ya ce aikinsa ne, Inna ta ce nata ne, kuma har ta rasu ba su daidaita ba. Gaskiyar ita ce shi ya fara miƙo mini littafi na kaina, kuma ban manta masa ba.

Da na shiga sakandare aka kawo ni Daura wurin gwaggona. Maƙwabcinta wani Inyamuri ne mai shagon kayan babur, matarsa tana da kwali cike da tsofaffin littattafan Turanci, wasu ba bango, wasu gara ta ci gefensu. Ta ga ina yawan kallon kwalin, ta ce in riƙa ɗauka ina dawowa da shi. Da ƙyar nake gane Turancin, amma na nace. A nan na ga abin da ya tsaya mini a rai: ashe wasu mutanen ma suna da garuruwan da babu su, da dodanninsu, da matan da suke tashi sama. Su ba su ji kunya ba. Sun rubuta, sun ɗinke, sun sa suna a bango. Na ce to mu me ya hana mu?

Yau ina da aure da 'ya'ya a nan Daura, ina koyarwa da rana. Rubutu kuwa da asuba nake yi, bayan salla, kafin gida ya tashi, yawanci a waya da babban yatsa, in an samu caji. Littafina na farko labarin wata yarinya ce mai kiwon gajimare, tana kora su kamar awaki daga gari zuwa gari. Na hau mota na kai shi Kano wurin wani mai buga littattafai. Ya karanta, ya kira ni.

"Malama, alƙalaminki yana da daɗi," in ji shi. "Amma wa zai saya? Ki sauko da yarinyar nan ƙasa. Ki ba ta saurayi mai mota, ki cire gajimaren. Sai mu yi magana."

Na ce, "Alhaji, in na cire gajimaren me za ta kiwata?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini takarduna. Na dawo gida na riƙa sakin labarin babi-babi ta waya, daga baya na buga kaɗan da kaina.

Wannan bai yi mini zafi ba kamar abin da ya faru a wani taron marubuta a Katsina. Bayan na karanta shafi biyu, wani dattijo da nake ganin girmansa ya karɓi lasifika. Ya ce a lokacin da mutane ba sa iya zuwa gona don tsoro, abinci ya gagari talaka, bai ga dalilin da mace mai hankali za ta zauna tana rubuta tatsuniya ba. Ya ce marubuci na gaskiya damuwar jama'arsa yake rubutawa. Aka tafa masa. Na miƙe na yi magana.

"Ranka ya daɗe, ni ma kasuwar nan nake zuwa. Ni ma na yi zaman makoki. Ɗalibaina ba sa bukatar in gaya musu ana wahala, a ciki suke kwana. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za su je su huta, su ga yarinya irinsu tana ba hadari umarni. Ku rubuta naku, Allah ya ba da sa'a, zan saya in karanta. Ni wannan nake rubutawa, kuma ba zan daina ba."

Ba a tafa mini ba. Wata yarinya ce kawai ta biyo ni waje ta tambaye ni ko gajimaren suna da sunaye.

Ina yarinya na ji haushin yadda Inna ta ƙare labarin Tabawa. So nake a yi fari, dattawan nan su zo su durƙusa, a buɗe kukar kowa ya gani. Sai da na girma na gane abin da ya sa ta hana ni wannan daɗin. Da ta ba ni shi, da na tashi ina zaton duk wanda ya tsaya kan abinsa wata rana za a zo a ba shi haƙuri. Ba a zuwa. Dattijon nan na taron Katsina bai canja ra'ayi ba. Mai buga littattafan bai neme ni ba. A gidan biki har yanzu akwai masu nuna ni da baki suna cewa ga mai littafin aljanu. Baffa Sale ma, da ya tsufa ya yi ritaya, na kai masa littafin. Ya karanta shi tas da jan biro a hannu, ya gyara mini waƙafi a wurare da yawa, ya miƙo mini ya ce, "Hausar ta yi kyau. Amma dai ƙarya ce." Na ce na gode, Baffa.

Inna ba ta yi mini alkawarin nasara ba. Abin da ta nuna mini shi ne mutum yana iya rasa masu sauraro, ya rasa masu goyon baya a cikin gidansa, ya ci gaba da faɗin abin da ya gani. Na daina jiran izini tun tuni. Masu karanta ni ba su da yawa, amma akwai su, a Mai'adua, a Kano, har da ƙetaren iyaka, kuma in na yi jinkiri sai sun aiko suna faɗa. Yanzu haka, a labarin da nake rubutawa, na bar wata tsohuwa a tsakiyar kogin da yake gudu da baya, kwalekwalenta ya fara shan ruwa, ga jikarta a gaɓa tana kira. Masu cewa in daina sai su yi haƙuri. Ba zan bar baiwar Allah a cikin ruwa don in faranta musu ba.