Muryar Inna a Kaset

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, lokacin mulkin soja, mijina ya tafi cin rani kudu, ni kuma na koma wurin Inna a ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe. Jar dawar taimako da sojoji ke rabawa muke ci, ita ma ba kullum ba.

Wata ranar kasuwa amalanke ta sauke mana baƙo, saurayi mai tarin suma, da jita a rataye da rakoda a hannu. Mawaƙin birni ne, irin masu kiɗan zamani da muke ji a rediyo. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya ce waƙoƙin gargajiya yake bi ƙauye-ƙauye yana nema, kuma an ce masa babu wadda ta kai ta waƙar daka.

Inna ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, waƙar daka ba a zaune ake yin ta ba. Ga turmin can a kife. Me zan zuba?"

Ya tashi ya tafi. Muka zaci fushi ya yi. Kashegari sai ga shi da buhun gero daga Tasawa, babu jitar. Mai amalanken ne ya faɗa mana sayar da ita ya yi.

Inna ta kira maƙwabta, aka tayar da turmi. Da farko muryarta ta shaƙe, sai da lugude ya kankama ta buɗe. Tana bayarwa muna amsawa, shi yana tsugune da rakodarsa, yana tambayar ma'anar kalmomi, mata suna yi masa dariya. Ranar duk unguwa ta sha fura.

Bayan damina wani direba ya kawo mana kaset. Mawaƙin ya rera waƙoƙin da ganguna da jita, amma a farkon kowace ya bar muryar Inna da amon taɓarya. Muka aro rediyo muka kewaye ta. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ya cika sauri, bai taɓa daka ba. Amma ɗan albarka ne. A maimaita."

Damina biyu ta ƙara Allah ya karɓi abinsa. Shi kuwa ban sake ganinsa ba, ban ma samu na yi masa godiya yadda ya kamata ba. Har yau idan ina yi wa Inna addu'a, nakan haɗa da shi.