Mako Biyun da Na Yi Shiru

Ina da shekara arba'in da ɗaya na koma makaranta, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Takarda ce ta zo daga ofishin ilimi: duk malamin firamare da ba shi da shaidar kwalejin ilimi an ba shi shekara uku ya nemo ta, in ba haka ba ya ajiye alli. Mu biyu abin ya shafa a makarantarmu ta Nguru, ni da hedimasta. Shi ya karanta mana takardar da bakinsa a ɗakin malamai, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce kowa ya koma aji.

Wannan hedimastan shi ya koyar da ni a aji ɗaya. Shi ya riƙe hannuna na fara rubutu, shi ya zane ni ranar da na tsallake katanga na tafi tasha kallon jirgin ƙasa. Malam kawai nake ce masa, har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Shi kuma tun da na fara koyarwa ya raɗa mini Malam ƙarami, ko a gaban ɗalibaina ne, ko a gaban matata. Lokacin ya ba hamsin baya, kuma ba shi da gona ba shi da rumfa a kasuwa. Aji kawai ya sani. In aka raba shi da aji, to an gama da shi, wannan kowa a makarantar ya san da haka.

Muka shiga karatun ƙarshen mako a wata kwaleji a Gashua. Duk Asabar da sassafe muna tasha, ni ɗauke da jakata da tasa da jarkar ruwan da matarsa ke cika masa, don ya rantse ba zai sha ruwan wani gari ba. Mu matsu a motar haya tare da masu kwalayen bandar kifi, mu isa muna ƙarni, mu zauna a aji da yaran da muka haifi wasunsu. Ranar Lahadi da yamma mu juyo, Litinin mu tsaya a gaban namu ɗaliban kamar ba mu ne jiya aka ce mu yi shiru a aji ba.

Ban ga raini a kwalejin nan ba, gaskiya. Girmamawa ce ta yi mana illa. Yaran suna ce mana Baba, su tashi su ba mu kujera, amma ba mai zama kusa da mu ya ce ga yadda ake yi. Malam kuwa ko za a yanka shi ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Idonsa ya fara rauni, ba ya ganin allo sosai, amma ya ƙi tabarau, wai sai ya tsufa. Ga darasin kwamfuta, wanda shi ko wayarsa jikarsa ke duba masa saƙo. Mai kula da ajinmu ma tsohon ɗalibinsa ne, in ya hango shi sai ya rusuna har ƙasa ya gaishe shi. Mutumin da ke durƙusa maka, ta yaya zai dube ka ya ce aikinka bai yi ba? Ni ma ina gani, na kuwa ja bakina.

Shekarar farko muka tsallake da ƙyar. Ta biyu muka rubuta jarrabawa muka dawo gida muna jira.

Sakamako a wannan kwalejin a allo ake mannawa, a barandar ofis, da lambar ɗalibi ba da suna ba. Malam bai taɓa zuwa gaban allon nan ba. Dattijo kamarsa ba ya shiga turereniyar yara, wannan aikina ne. Ya rubuta mini lambarsa a 'yar takarda tun farkon zuwanmu, ina ajiye da ita a cikin hulata. Asabar ɗin da aka koma shekarar ƙarshe ma gwiwarsa ta tashi, bai zo ba, ni kaɗai na tafi.

Na fara duba tawa, na haye duka. Sannan na fito da takardar daga hula na bi layi da yatsa. Malam ya faɗi darasi biyu, kwamfuta da lissafi. Na sake bi, na sa wata yarinya ta duba mini ko idona ne. Ba idona ba ne. A ƙasan allon akwai sanarwa: duk wanda zai maimaita darasi ya zo da kansa ya sa hannu a takarda a ofishin mai kula da aji, daga yau zuwa Juma'ar mako na biyu. Wanda bai zo ba sai wata shekarar. Wata shekarar kuma ta huɗu ke nan, mu kuwa uku aka ba mu. Na karanta na gane sarai, ba zan ce ban gane ba.

Da na dawo Nguru ranar Lahadi bayan la'asar na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar maina, ya miƙe ƙafa a tabarma, maƙwabta huɗu suna zaune ana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Malam ƙarami, yaya allo?"

Na ce, "Alhamdulillahi, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya ce a zuba mini shayi. Bai ƙara tambaya ba, don babba ba ya tsare ƙarami da tambaya a gaban mutane. Na sha shayin nan na tashi.

Wanda bai tashi a cikinmu ba, zai ce ƙarya na yi, kuma ba zan musa ba. Amma mu ba haka muke kai mummunan labari ba. Yaro ba ya zuwa ya ce wa wanda ya rene shi ka faɗi. Sa'ansa ake nema, mutum mai furfura irin tasa, ya je ya zauna, a yi gaisuwa, a taɓo maganar ƙaddara, sannan a sauke masa a hankali. Haka na ga ana yi a mutuwa da gobara da korar aiki. Sa'an Malam kuma amininsa shi ne limamin unguwarmu. Washegari na je gidansa, aka ce ya tafi Machina, ƙanensa ya rasu, sai an yi sadakar uku.

Na ce da sauran lokaci. Aka yi uku bai dawo ba, aka ce sai bakwai. Na kira shi a waya, na yi masa ta'aziyya, na ce akwai magana kan Malam. Ya ce, "Irin wannan ba ta waya ba ce, ka bari in dawo." Na ce to.

Matata ce kaɗai ta faɗa mini gaskiya. Tana tankaɗe na ba ta labari, ta ajiye rariyar ta dube ni. Ta ce, "Kai fa kunyarka kake tsoro, ba tasa ba. Tashi ka je ka gaya wa bawan Allahn nan." Na hau ta da faɗa, na ce me ta sani a sha'anin manya. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da aikinta.

Abin da ya fi cina har yau shi ne Asabar ɗin tsakiya. Gwiwar Malam ta yi sauƙi, muka tafi Gashua tare. A mota kafaɗarsa na jikin tawa, yana nuna mini yadda ciyawar kachalla ta cinye fadama, yana cewa da can nan duk shinkafa ce. Sau uku ina buɗe baki, sau uku ina tambayarsa yaya ƙafa. Muka sauka, muka bi ta barandar nan, muka wuce allon, muka wuce ƙofar ofishin da takardar ke ciki. Taku biyar ne tsakaninsa da ita. Mai kula da ajin ya fito, ya rusuna ya gaishe shi, ya kalle ni. Ni ina jira ya faɗa, ai aikinsa ne. Shi kuma, daga baya ya gaya mini, ya ɗauka na riga na faɗa, Malam ne yake jin nauyin shigowa, bai so ya matsa masa. Haka muka tsaya mu biyu, ƙattin banza, muna yi wa dattijo ladabi.

Liman ya dawo ranar Alhamis. Na je na zayyana masa komai, na ce gobe ne ƙarshe. Ya ce, "Gobe bayan an sauko daga masallaci sai mu je." Na san ofis ba ya kaiwa azahar ranar Juma'a. Na ce, "Allah gafarta malam, da dai da safe." Ya ce, "Ba a yi wa mutum sammako da irin wannan. Jibi ai za ku je, in suka ga furfurarsa za su buɗe masa." Na yarda, don ni ma haka na saba gani. Duk ofishin da Malam ya shiga a Nguru tashi ake yi.

Bayan Juma'a muka je. Liman ya yi abinsa yadda ya kamata, a hankali, da addu'a. Malam ya saurara yana jan carbi. Da aka gama ya juyo gare ni.

Ya ce, "Yaushe ka gani?"

Na ce, "Asabar ɗin waccan, Malam."

Ya ce, "Wadda ta wuce, ko ta bayanta?"

Na ce, "Ta bayanta."

Ya sa aka kawo wa Liman ruwa.

Ranar Asabar ya sa farar babbar riga muka tafi. Mai kula da ajin ya tashi ya ba shi kujerarsa, idonsa ya ciko. Ya ce jiya da tsakar rana aka tura sunaye, an rufe a kwamfuta, ba a hannunsa abin yake ba kuma. Muka je ofis na sama, muka je na samansa. Ko'ina an tashi an ba Malam kujera, an kawo masa ruwa, kuma ko'ina amsar ɗaya ce. Kwamfuta ba ta san furfura ba. Da muka fito ya karɓi jakarsa daga hannuna ya riƙe da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ƙarasa shekarar, bai fasa ko Asabar ɗaya ba. Har tabarau ya saya, ya koma layin gaba, na ji shi da kunnena yana ce wa wata yarinya 'yar unguwar Katuzu ta sake nuna masa yadda ake buɗe shafi a kwamfuta. Ya ci duk darussan shekarar. Da an ba shi damar maimaita biyun nan da ya ci su, na tabbata. Ya rubuta wa ofishin ilimi roƙon a ƙara masa shekara ɗaya, Liman ya raka shi, ba a ƙara ba. Na karɓi shaidata. Shi aka cire shi daga aji, aka mai da shi wani ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai a ofis, ya riƙa zama daga safe zuwa azahar har ritayarsa ta zo. Bai koma Gashua ba.

Yanzu manya kan zo wurina, malamai da ma'aikatan asibiti da suka ji na yi karatu da girma, su ce in ba su shawara. Ba na yi musu daɗin baki. Ina ce musu ka je gaban allo da ƙafarka, ko yara za su take maka riga, kuma ka karanta har ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Ranar da aka ce ita ce ƙarshe, ita ce ƙarshe, ba ruwanta da wanda ka koyar. A duba maka ido kafin ka fara. Ka zauna a gaba, ka ce ban gane ba ko sau goma ne. Ka nemi mutum ɗaya a ajin wanda ba ya jin kunyarka, ka roƙe shi tun ranar farko cewa duk abin da ya gani a kanka ya faɗa maka a ranar, ko a gaban waye. In kuma kai ne aka aika dubawa, kada ka tsaya neman wanda zai raka ka. Wasu su gode, wasu su ga na cika zafi. Su gani.

Kujerar Malam ni aka ba. Yanzu ina da shaida, kuma ni ne na fi daɗewa. Na je har gida na ce masa zan ƙi karɓa, ya ce kada in kuskura, yara ba su yi laifin komai ba. Ranar da ya miƙa mini makullan ofis ya nuna mini wanda ke cijewa sai an ɗaga ƙofar, da inda rufin aji uku ke yoyo. Ya tsaya a bakin aji ɗaya na ɗan lokaci, yaran suka tashi suka gaishe shi baki ɗaya. Sannan ya ce mini, ba da faɗa ba, "Ni na koya maka karatu. Da ka karanta mini abin da ke allon nan kawai."

Har yau duk Juma'a ina zuwa gaishe shi ƙarƙashin bishiyar maina. Yana amsawa da kyau, ya tambayi iyali, ya sa a zuba mini shayi. Bai taɓa sake tayar da maganar ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai tun daga ranar makullan nan bai ƙara ce mini Malam ƙarami ba. In na durƙusa sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, hedimasta."