Idi Ƙanƙara da Gwangwanin Yajinsa

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san Idi Ƙanƙara da safa. Rana na narka kwalta, shi kuwa yana bakin tukunyar tuwonsa da safar ulu har gwiwa. In ka yi magana ya ce, "Ya shekh, kai labarin sanyi kake ji. Ni mun gaisa da shi hannu da hannu."

Ba ƙarya yake ba, don tare muka je. Ni direba ne, shi kuku, a gidan wani attajiri mai son wahalar da kansa. Wata shekara maigidan ya ce zai yi tattakin kwana goma kan ƙanƙara, can ƙurewar arewacin duniya, da katakon zamiya a ƙafa, kowa na jan kayansa a baya kamar jaki. Ya ce ba ya cin girkin kowa sai na Idi. Idi kuma ya ce in babu ni ba ya zuwa. Kun ji yadda direba ya je inda babu titi!

Tun kafin mu tashi, jagorarmu, wata Baturiya marar wasa, ta bi kayanmu tana rage nauyi. Ta zaro wani ƙaton gwangwanin yaji. Idi ya rungume shi ya ce, "Gaya mata a bar tanti, a ɗauki wannan." Dole ta ƙyale shi. Kwana uku da fara tafiya sanyi ya ishe shi, sai gogan naku ya zuba yajin cikin safa, wai ƙafa ta ɗumama. Kai! Ashe akwai faso a dugadugansa. Ya dinga tsalle cikin tanti yana salati, ni ina dariya har hawaye na daskarewa a fuskata. Da ya lafa ya harare ni: "Ƙafar ta yi zafi ko ba ta yi ba? Halas, magana ta ƙare!"

Sai batun salla. Can rana ba ta faɗuwa, zagaye kawai take yi. Idi ya bar agogonsa a lokacin Makka, rana tsaka ya ce a tashi, magariba ta yi. Na nuna masa sama, ya ce, "Ita ta ɓata, ba ni ba." Ya narka ƙanƙara a risho ya yi alwala, kafin ya idar gemunsa ya sandare kamar tsintsiya. Na ce, "Malam Idi, ka yi taimama mana." Ya ce, "Da me? Ƙasar nan ko ƙasa babu!"

Dabino ma dutse ya koma, har ya ɓalle masa haƙori. Daga ranar a hammata yake ajiye shi. Maigida ya yi ta yabon laushin dabinon Idi.

A kwana na bakwai na daina jin yatsun ƙafata. Na ɓoye, don kada a ce ni na tsai da tafiya. Idi ya gane daga takuna. Aka kafa tanti, aka cire takalmin, ga yatsu fari fat kamar rogo. Baturiya ta ce in ba su sami ɗumin jikin mutum yanzu ba, sai dai a yanke. Kafin ta rufe baki Idi ya yaye rigunansa, ya kama ƙafafuna ya manna a cikinsa. Ya kurma ihu: "Wayyo! Shekara ashirin ina kiwon tumbin nan, ashe kai nake wa tanadi! Kuma ka dinga yanke farce, ɗan banza!" Jikinsa na ɓari, bakinsa na zagina, amma bai sake ni ba sai da jini ya dawo.

Ranar Talatar nan Allah ya yi wa Idi rasuwa. Bayan an sallace shi a Masallacin Harami, da ƙafafun nan na bi gawarsa, yatsu goma cif.

Allah ya jiƙan Idi, ya yafe masa. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya lulluɓe shi da rahamarsa. Amin.