Keken Malam Aƙilu Mai Lamba Gagara-Rabo

A Kusfa, cikin birnin Zariya, duk wanda ya girma a shekarun 1970 ya san Malam Aƙilu mai hisabi, ko da bai so ba. Ɗinkin hula ne sana'arsa, amma lissafi ya fi cin ransa. Ya kasa lambobi kamar mutane: akwai cika, waɗanda yake kira marasa kunya don kowa ya zo sai ya raba su biyu, akwai mara, masu ɗan mutunci, sannan akwai gagara-rabo, waɗanda ba lambar da ke raba su ba tare da ta bar saura ba.

Da ya sayi keke na hannu, sai ya kifa shi ya kwafe lambar da aka buga a ƙarƙashin ƙarfen: 524287. Damina guda ya yi yana gwada ta a allo. Biyu ta kasa, uku ta kasa, bakwai ta bar saura. Da ya haɗa ƙwayoyinta ya sami ashirin da takwas, adadin haruffan Larabci. Daga ranar muka shiga uku. Ko gaisuwar mutuwa aka je, sai Malam ya kawo zancen lambar. Aron keke kuwa ya haramta.

"Abin da Allah bai raba ba, ni zan raba da kai?" Haka ya faɗa wa ƙanensa Ƙasimu.

Wata Juma'a aka sace keken a bakin masallaci. Malam ya rame, har na ji tausayinsa, duk da wahalar da ya ba kunnuwanmu. Da aka kama ɓarawon wajen Ƙofar Doka, Ƙasimu ya raka shi caji ofis. Ga keken nan, har da fatar da matarsa Tani ta ɗinka wa sirdin.

Ɗan sandan ya ce ya faɗi lamba. Malam ya rera ta kamar karatu. Ɗan sandan ya kifa keken ya duba.

"Malam, nan 782425 aka rubuta. Lambar ce dai, daga dama ka karanto. Boko daga hagu ake farawa. Ka ce haka take, ka ɗauki abinka."

Malam ya shiga lissafi, leɓɓansa na motsi. Lamba mai ƙarewa da biyar! Ko ɗan aji biyu zai raba ta.

"Yaya, don Allah ka amsa mu tafi gida," in ji Ƙasimu.

Malam ya shafa sirdin, ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba kekena ba ne. Nawa ba ya rabuwa."

A ƙasa ya koma Kusfa, kuma a ƙasa ya ci gaba da zuwa kasuwa har tsufansa. In ka tambaye shi labarin keken, sai ya ce har yanzu ana nema.