Jan Fenti a Kan Baƙin Mai

Ranar wata Asabar ce, sati biyu bayan babbar salla, a shekarar da nake aji biyar na firamare, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a Furfuri. Ƙarti huɗu suka sauko da wani ƙaton ƙarfe suna nishi, suka yar da shi a gindin darbejiya kusa da turken shanu. Ƙarfen ƙafafun baya ne na wata tsohuwar a-kori-kura, wanda makanikai ke ce wa aksul. Baba ya samo shi a Gusau don a haɗa mana sabuwar amalanke, domin tsatsa ta cinye tsohuwar, ta karye da kaka tana ɗauke da damman gero. Baƙin mai da giris sun yi wa ƙarfen ɓawo mai kauri, ƙasa ta manne a kai, ko launinsa ba a gani. Mai walda a Bungudu ya ce sai an wanke shi tas, an shafa masa jan fenti mai hana tsatsa, sannan zai ɗora masa akwati. Ga bazara ta yi nisa, ga taki jibge a bayan gida yana jiran a kai shi gona kafin ruwa ya sauka.

Mu yaran gidan mata ne, ni ce babba, sai ƙanenmu namiji guda da ke goye. Baba kuma yana can yana sharar gona tun safe har la'asar. Saboda haka aikin ya faɗo kaina. Aka ba ni kananzir a kwalba, da tsumma, da wata dakusasshiyar wuƙa. Kullum na dawo makaranta, in ɗebo ruwa, in ba awaki dusa, sai in durƙusa gaban ƙarfen nan in yi ta kankara ina goga. Ta bayan danga ina jiyo ƙawayena suna 'yar gala-gala, suna kiran sunana har su gaji. Hannuwana suka tsattsage, tuwo ma warin kananzir yake yi mini. Ranar Litinin da aka duba farce a layin safe na sha bulala uku, 'yan ajinmu suka laƙaba mini Rabi Makanika. Da yamma Baba zai zo ya shafa yatsa a jikin ƙarfen, ya ɗaga ya duba, ya ce, "Da saura, Rabi. Fenti ba ya zama bisa maiƙo." Sai in ji kamar in ɗora hannu a ka in yi ta ihu.

A kwana na biyar Kawu Lawali, ƙanen Inna, ya zo daga Tsafe. Mutum ne mai fara'a da yawan magana, ya taɓa yin yaron mota, saboda haka a ganinsa babu abin da bai sani ba game da ƙarfe. Ya tarar da ni ina goga ina share hawaye da gefen zane, ya tuntsire da dariya. "Wanga ƙarhe ne ko ƙwaryar nono? Tashi, ɗiyata, ɗauko mani gwangwanin fentin." Na san Baba bai ce a shafa ba. Amma da gudu na ɗauko. Kafin la'asar ƙarfen ya yi ja wur, gwanin kyau, ni kuwa na tafi wasa, na buga carafke har aka kira magariba. Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye a kan ƙarfen. Kunyar baƙo ta hana shi faɗa, ya yi wa Kawu sannu da aiki, ya shige ciki.

Kwana uku fentin bai bushe ba. Daga nan ya fara tattarewa, yana kumbura, in ka sa farce sai ya taso kamar saɓar maciji, baƙin mai yana kwance a ƙasansa yadda na bar shi. Kawu tuni ya koma Tsafe. Ni Baba ya kira. "Hannun wa na bar aikin nan?" Na buɗe baki zan ambaci Kawu, Inna ta harare ni daga bakin murhu, na haɗiye. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: babba ya yi ɓarna, an ce yaro ya yi shiru. Aiki ya koma biyu, sai na kankare fentin da ya yi danƙo, sannan in koma kan maiƙon da ke ƙasa. Kananzir ya ƙare, rabin gwangwanin fenti ya tafi a banza.

Inna ce ta cece ni, watakila don ɗan'uwanta ne ya jawo. Ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta zuba tokar karan dawa da sabulun salo, ta kawo soso. "Abin da ke fid da man shanu ga akushi, shi ka fid da wanga," in ji ta. Muka yi ta zubawa da zafinsa muna dirza, baƙin ruwa yana gangarawa, har ƙarfen ya fito fari-fari, yatsa yana ƙara in an ja a kai. Muka tsane shi da tsumma, rana ta gasa shi, Baba ya shafa fenti da hannunsa, siriri, sau biyu. Wannan karon ya kama.

Sai dai mun makara. Amalanken tana wurin mai walda ruwan farko ya sauka. Da jakin aro da kwanduna a ka muka yi jigilar taki, ni da ƙannena, har wuyana ya sage, kuma ko rabin gonar ba mu kai ba aka yi shuka. Da kaka ɓangaren da bai samu taki ba ya yi dawa 'yar firit, rumbu bai cika ba. Kawu ya zo cin sabon tuwo, ya buga amalanken da tafin hannu yana cewa ai shi ya fara yi mata fenti. Babu wanda ya gyara masa zance.

Yanzu ina koyarwa a Gusau. In na bi ta garejin makanikai nakan ga ana fesa wa ƙarfe ruwa da inji, abin da ya ci mini sati biyu ya tafi kafin a gama gaisawa. Baba ya sayar da shanun, gonar kuma da nisa, ba kowace shekara ake iya zuwa ba saboda rashin tsaro. Amalanken tana nan jingine a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta, akwatinta ya ruɓe amma ƙarfen bai ɓule ba. Kawu ya tsufa, har yau in na gaishe shi sai na ji ɗan zafin nan a raina. Ban yi kewar aikin ba. Gidan da ke da taki da gaggawar kai shi gona nake kewa.