Ƙahon San Bobi

Shekara goma sha bakwai ina yanka haruffa da reza a shagon Alhaji, kafin ya je Kano a ƙarshen mulkin soja ya dawo da kwamfuta da injin yanka sitika. Ya haɗo da ƙanin matarsa, mai difloma, wai shi zai riƙa kula da mu.

Injin nan da aka yi ta yi wa kirari makaho ne. Ka ba shi hoto, bai san me ke ciki ba. Sai mutum ya zauna ya bi gefen hoton a gilashin kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo, ya ja layi ya lanƙwasa, sannan wuƙarsa ta san inda za ta bi. Mai difloma ya gwada, kazar da ya zana ta fito kamar buta. Sai aka tuna da ni, ɗan aji huɗu. Na koya, don ba ni da wani wurin zuwa, kuma na san kujerata rawa take.

Wani dillalin shanu daga Bobi ya kawo hoton farin sansa, yana so a manna a ƙofar motarsa. Kwana biyu ina bi, masu wuta suna ɗaukewa ina sakewa. Ƙahon hagu a sunkuye yake, ya kusa taɓa kunne. Haka na gani, haka na bi.

Na tafi sallar azahar, mai ilimin namu, ƙanin matar Alhaji, ya zauna a kujerata. Ya ce hannun tsufa ne ya karkace. Ya goge ƙahon, ya kwafi na dama ya juya shi ya liƙa a hagu. Minti ɗaya, in ji shi, abin da na kwana biyu a kai. Alhaji har da tafi. Aka yanka, aka manna.

Dillali ya zo, ya daɗe tsaye gaban ƙofar motar.

"Alhaji, san wa ke nan?"

Alhaji ya ce nasa ne mana, har an gyara masa shi.

"Wanda ya halicce shi bai gyara ba, sai ku? Daga nan har Kumbashi da wannan ƙahon aka san shi, da shi aka san ni."

Ya sa farce ya ɓare sitikar, ya karɓi hotonsa ya tafi.

To, laifi ya faɗo, dole a nemo mai ɗauka. Mai difloma ya ce shi dai layin da ya tarar ya bi. Na buɗe baki, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Na gane. Mutum ba ya korar ƙanin matarsa ya koma gida ya ci tuwo lafiya.

Alhaji ya raka ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, ka ɗan huta. In aiki ya taso za a neme ka."

Gidana yana bayan kasuwa, bai motsa ba. Ina jin har yau masu nemana ɓatan hanya suke yi.